FILIN MATA: Lambar da Ke Gefen Sunan Abinci

Yau zancen abinci za mu yi, amma ba girki zan koya muku ba. Wata 'yar takarda ce da ta zo daga Makka ta jawo maganar. Bari ku ji yadda aka yi.

Gwaggona, mutuniyar Wurno, ta sauke farali bana. Da ta komo muka tafi yi mata barka da sauka. Ana cikin rabon tsaraba, ga dabino ga zamzam ga tasbahohi, sai aka kwance wani ƙullin zobba, aka yar da takardar da aka naɗe su ciki. Na ɗauka na duba, ashe takardar wani gidan abinci ce na kusa da masaukinsu, irin wadda a ke miƙa wa mai saye don ya zaɓi abin da ya ke so. Ga hoton shinkafa da kaza, ga na gurasa da nama, ko wanne da lamba biyu a gefensa.

Gwaggo ta ce, "Ai takardar nan ta kusa sa ni kwana da yunwa. Ran da muka fara shiga na ga an rubuta 850 a gefen kaza, sai na ce wa abokiyar tafiyata, Hajiya tashi mu tafi, nan ba wurin cinmu ba ne. Riyal 850, kazar zinariya ce? Sai da wani yaro Bahaushe da ke aiki wurin ya ce mana wannan ba kuɗi ba ne, ga kuɗin can a ƙasa."

Ta waiwaya ta kira jikarta, wata 'yar sakandare, ta ce, "Ke kishiya, ku masu boko, zo ki gaya mini abin da lambar nan ke nufi." Yarinya ta duba ta ce, "Hajiya, kalori ne, an koya mana a makaranta. Awon ƙarfin da ke cikin abinci ne, don mutum ya san in ya ci ya wuce kima."

Ni kuwa na ce, "To Gwaggo, da kika ji ba kuɗi ba ne, kin riƙa duba lambar kafin ki saya?" Ta yi dariya ta ce, "Haba ɗiyata! Na fito ɗawafi, ƙafafu na ciwo, ciki na ƙugi, ga kaza tana ƙamshi, ga kuɗina a hannu. Lamba ce za ta hana ni?"

Kowa ya yi dariya, amma ni abin ya tsaya mini a rai, domin gwaggon nan tawa ta daɗe tana fama da hawan jini, likita kuma ya sha gaya mata ta rage gishiri da maiƙo. Amsar nan da ta ba ni kuwa, kusan ita ce wadda masana suka samu bayan sun yi shekara da shekaru suna bincike.

MENE NE KALORI?

Ku ɗauki jikin mutum kamar murhu ne, abinci kuwa shi ne itacensa. Kalori shi ne ma'aunin wutar da ko wane itace ke bayarwa. Da wutar nan mu ke numfashi, da ita mu ke daka da surfe da ɗiban ruwa. In itace ya kasa, jiki ya kan ci kansa, mutum ya rame. In ya yi yawa kullum, jiki ya kan ajiye saura ya zama kitse, kitsen kuwa in ya taru shi ke share wa ciwon sukari da ciwon zuciya hanya.

Ba duk abinci ne ƙarfinsu ɗaya ba. Giram guda na hatsi tsantsa ko sukari yana ba da kalori wajen 4, amma giram guda na mai yana ba da 9, watau fiye da ninki biyu. Babban cokali guda na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Shi ya sa waken da aka dafa da waken da aka soya ƙosai ba su zama ɗaya ba, ko da ya ke uwarsu ɗaya.

A kan ce babban mutum yana bukatar kalori wajen 2,000 a yini. Amma wannan ƙiyasi ne kawai na tsaka-tsaki. Wadda ke wuni zaune a ofis ba daidai ta ke da wadda ke wuni kan turmi da rijiya ba. Mai shayarwa kuwa tana bukatar ƙarin wajen 500 a kan abin da ta saba. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

ABIN DA AKA GANI INDA AKA GWADA

A ƙasashen da ƙiba ta zama cuta, hukumomi suka yi tunani suka ce, watakila mutane na cin abin da ya fi ƙarfinsu ne don ba su san abin da ke ciki ba. In an rubuta musu a allo, kowa ya gani da idonsa, sai su rage.

Birnin Niyok na ƙasar Amurka ya kafa wannan doka a 2008, a kan manyan gidajen abinci masu reshe 15 ko fiye. A 2018 ta game Amurka duka, ga masu reshe 20 ko fiye. Saudiyya ta fara a 2019, shi ya sa Gwaggo ta iske lambar a Makka. Ingila ta bi sahu cikin watan Afrilu na 2022, ga kamfanonin da ke da ma'aikata 250 ko fiye.

To, sai an gwada a kan san na ƙwarai. Da dokar Niyok ta fara aiki, waɗansu malaman jami'a suka tsaya ƙofar gidajen abinci a unguwannin talakawa, suna karɓar rasidin masu fitowa, suna yi musu tambayoyi. Sun yi haka kafin dokar da bayanta, suka kuma yi a wani gari na kusa mai suna Newark, inda babu dokar, don su kwatanta. Mutum 1,156 suka tambaya, suka buga sakamakon a 2009. Fiye da rabin mutanen Niyok kaɗan suka ce sun ga lambar. Cikin waɗanda suka gani, wajen kashi 28 cikin ɗari suka ce ta sa sun sake shawara. Amma da aka lissafa abin da ke cikin rasidi, sai aka tarar kalorin da a ke saye bai ragu ba. Baki ya ce an rage, rasidi ya ce ba a rage ba.

A gidajen shan gahawa na Starbucks kuwa, inda masu abin hannu suka fi shiga, waɗansu malaman suka tarar an sami ragi na kashi 6 cikin ɗari, kusan duka kuwa a kan abin tauna ne, ba abin sha ba. A Ingila, binciken da aka buga a 2024 ya nuna masu lura da lambar sun ƙaru daga kamar mutum 1 cikin 6 zuwa kamar 1 cikin 3, amma abin da a ke saye bai sake ba.

Akwai wata ƙungiya da a ke kira Cochrane, aikinta ke nan ta tattara binciken likitoci da masana ta tankaɗe, ta fid da gari ta zubar da tsaki. A farkon 2025 ta haɗa bincike 25 a kan rubuta kalori, ta ce i, yana sa a rage, amma ragin bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. In abinci mai kalori 600 ne, abin da a ke ragewa kalori 11 ne. Ƙaramin cokali guda na sukari ma ya fi haka, don shi 16 ne. Masanan sun ce kada a rena, da yayyafi kogi kan cika, in mutum miliyoyi suka rage ɗan wannan kullum abin zai taru. Gaskiyarsu. Amma duk wanda ya zaci lamba za ta juya tuwon mutane, ya ga ba haka ba ne.

ME YA SA LAMBA BA TA DA ƘARFI?

Na farko, yunwa. Mutum ba ya shiga gidan abinci sai ciki ya kira shi, sa'an nan kuwa hanci da ido sun riga lissafi.

Na biyu, aljihu. Mai ƙaramin ƙarfi lambar kuɗi ya ke dubawa, abin da ya ke nema shi ne wanda zai ƙosar da shi da araha. Waɗansu ma in sun ga lamba babba sai su ce wannan ya fi riba.

Na uku, lamba ba ta da amfani ga wanda bai san ma'auninta ba. In an ce miki 850, da yawa ne ko kaɗan? Sai kin san na yini 2,000 ne kafin ki gane kin cinye kusan rabin rabonki a zama guda. Shi ya sa dokar Ingila da ta Amurka suka ce a rubuta na yinin ma a jikin allo.

Na huɗu, sabo. Yawancin mutane sun san abin da za su saya tun kafin su shiga, ba su ko ɗaga kai.

Akwai kuma wanda lambar ke yi wa ɓarna. Waɗansu 'yammata a can su kan kamu da cutar tsoron ƙiba, su yi ta ƙin abinci har su lalace. Irin waɗannan, ganin lamba ƙara musu ciwo ya ke yi. Don haka a Ingila aka yarda gidan abinci ya ba wanda ya roƙa takarda marar lamba.

Amma an koyi abu biyu masu amfani. Na ɗaya, alama ta fi lamba saurin shiga kai. A 2015 Niyok ta sa a riƙa zana 'yar kwalbar gishiri cikin baƙin zane mai kusurwa uku a gefen duk abincin da gishirinsa ya kai na yini guda. Saudiyya ma ta kawo alamar gishiri a 2025, har da rubuta tsawon lokacin da mutum zai yi yana tafiya kafin ya ƙone abin da ya ci. A ƙasar Chile, tun 2016 a ke buga baƙin tambari a jikin kayan kanti masu yawan sukari ko gishiri ko maiƙo, aka hana sayar da su a makarantu, aka hana tallarsu ga yara. Sayen abin sha mai yawan sukari ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Na biyu, kuma shi ne babba, lambar ta fi taɓa mai dafawa bisa mai ci. A Amurka an lura manyan gidajen abinci, da suka ga za a tona asirin tukunyarsu a bainar jama'a, sababbin abincin da suka riƙa fitowa da su sun fi na da ƙarancin kalori. Ashe ko wanda bai ɗaga kai ya dubi allo ba ya amfana.

TO, MU FA?

Wata za ta ce, mu ina ruwanmu, mu da ba mu da allo? Gaskiya ne. Ki je kasuwar Goronyo ran Lahadi, ko ta Achida, ko tashar motar Rabah, ba takarda ba allo. Mai abinci na zaune tsakiyar kulolinta, ki ce me a ke da shi, ta ce akwai shinkafa da wake, akwai taliya, akwai tuwo. Sa'an nan ta ce, "Na nawa za a zuba?" Shi ke nan.

Amma da ruwanmu ƙwarai. Maigida ran kasuwa can ya ke cin na rana. Yaro in an ba shi kuɗin tara, ƙofar makaranta ya ke kashe su. Mu kanmu sau nawa mu ke aika yara su sayo ɗanwake ko masa ko awara don ba mu ɗora tukunya ba? Ga kuma 'yan'uwanmu da rashin zaman lafiya ya tayar daga ƙauyukansu, kamar waɗanda suka taru a Gandi ta ƙasar Rabah a 2018. Wanda ya baro rumbunsa baya, ai ba shi da zaɓi sai awo da saye.

Sai dai ciwonmu ba irin na Niyok ba ne. Babban binciken lafiya da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna fiye da rabin yaran jihar Sakkwato 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Ya kuma nuna mata 58 cikin 100 a ƙasar nan suna da ƙarancin jini, a jiharmu kuwa abin ya fi haka. Ga shi kuma hawan jini da ciwon sukari sun shigo gidajenmu. Sai ki ga gida guda, kaka na shan maganin hawan jini, jika kuwa ƙafafunsa kamar sillen kara.

Saboda haka ko da gobe an rataya allon kalori a ko wace rumfa, ba zai warkar da mu ba. Lambar kalori ba ta gaya miki ko akwai abin gina jiki cikin kwano, ba ta kuma faɗin yawan gishiri. Kwalbar lemon zaƙi da ƙwaryar fura da nono za su iya zuwa da lamba kusan ɗaya, amma ɗaya ruwan sukari ne, ɗaya abinci. Ke mai ciki ko mai goyo, da ke 'yar makaranta mai tasowa, kada ku ji zancen nan ku ce za ku rage ci. Ku ƙari ku ke bukata, amma ƙarin abin kirki.

ALLUNA UKU DA KE HANNUNMU

Allo na fari, ido. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. In an miƙo miki kwano, nemi abu uku a ciki. Akwai mai ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali. Akwai mai gina jiki: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, nono, ƙwai, kifi, nama. Akwai mai tsare jiki daga cuta: zogale, rama, alayyafo, kuka, kabewa, karas, tumatir, tattasai, gwanda, mangwaro. In ukun sun hallara, kin sami abinci. In fari fat ne, taliya da mai da yaji kurum, kin cika ciki ne kawai. Gara a rage shinkafar a ƙara wake, ko a haɗa da kwaɗon zogale. Kuɗin kwalbar lemo guda kuwa sun isa dafaffen ƙwai ko nono. Dubi man suya kuma. In ya yi baƙi ya yi kauri yana hayaƙi, an juya shi ya gaji, wuce gaba.

Allo na biyu, baki. Matambayi ba ya ɓata, mai kuɗi a hannu kuwa ba ya jin kunyar tambaya. Ki ce, "Inna, a rage mini mai." Ki ce, "A ba ni yajin daban," domin yajin saye cike ya ke da gishiri da dunƙule, in yana gefe ke za ki san iyakar da za ki barbaɗa. In wurin mai shayi ne, a ce ya sa sukari kaɗan. Ku gaya wa masu gidanku wannan, su ne 'yan teburin mai shayi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babban mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau ƙaramin cokali guda bai cika ba. Wannan kuwa har da wanda ke ɓoye. Dunƙulen nan da mu ke jefawa a miya wajen rabinsa gishiri ne. Farin magi da kanwa su ma dangin gishiri ne, don abin da ke cikin gishiri mai tayar da jini, wanda a ke kira sodiyam, yana cikinsu. Tukunyar da aka sa wa gishiri, aka jefa dunƙule, aka ƙara farin magi, aka jiƙa kanwa, gishiri huɗu ke nan aka sa mata.

Ga masu ƙarancin jini kuma, in za ku ci wake ko ganye ku matsa lemon tsami ko ku yanka ɗanyen tumatir, yana taimakon jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini. Shayi kuwa hana shi ya ke yi, sai a jinkirta shi kada a sha tare da abinci.

Allo na uku, rubutun da ke jikin kayan kanti. Wannan kam muna da shi, ba mu dai karantawa ne. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta wajabta a rubuta abin da ke cikin duk abincin da aka ƙunshe a leda ko gwangwani ko kwalba, da ranar da zai lalace, da lambar rajistarsa. A kan jera kayan haɗin ne daga mai yawa zuwa mai kaɗan, don haka in kin ga sukari a farko ko na biyu, kin san abin da ki ka saya. Giram 4 na sukari shi ne ƙaramin cokali guda, sai ki raba lambar gida 4. Amma ki lura, yawanci na mililita 100 a ke rubutawa, ba na kwalba duka ba. In an ce giram 10, kwalbar kuwa mai mililita 500 ce, giram 50 ke nan, cokali 12 da ɗoriya. Wace ce cikinmu za ta zuba wa ɗanta cokali 12 a kofi guda? In kuwa sodiyam aka rubuta, ki ninka shi sau biyu da rabi, shi ne gishirin.

Akwai kuma alamar alheri. Tun 2002 aka wajabta sa sinadarin bitamin A cikin fulawa da sukari da man girki na kamfani, alamarsa hoton ido ne, don yana tsare ido daga dundumi. Gishirin leda kuma ana sa masa aidin mai hana maƙoƙo. Ki nemi waɗannan in za ki saya.

GA MASU SANA'AR ABINCI

Na san da yawa cikin masu karanta filin nan kuna yin abincin sayarwa daga cikin gida. Kun ji dai abin da na ce, a ƙasashen can gyaran ya fi zuwa daga wajen mai dafawa. To, a nan ku ne masu dafawa, ba ku kuwa bukatar wata doka. Wanda ya sayi abincinki ya ba ki amanar cikinsa ne, bai ga abin da ki ka zuba ba.

Na san abin da za ku ce, in miya ba ta ji dunƙule ba ciniki zai gudu gidan maƙwabciya. Kada ki rage rana ɗaya. Ki janye kaɗan-kaɗan, harshe ya kan saba cikin 'yan makonni. Ki maye gurbin da daddawa da busasshen kifi da citta da masoro. Allah ya ba mu albasa da tafarnuwa a fadamun Wurno da Goronyo, har manyan motoci ke zuwa ɗiba, ga kifi a madatsar ruwan Goronyo da aka gama a 1984 bisa gulbin Rima. Abin kunya ne a ce mu da ke noma kayan ƙamshi mu ne miyarmu ba ta daɗi sai da na leda. Man suya kuma ki riƙa zuba daidai wanda zai ƙare, kada ki yi ta juya na shekaranjiya.

GA 'YAN MAKARANTA

Ku kuwa aikinku ya fi na kowa. Rubutun nan duka da Turanci ya ke, iyayenmu da yawa kuwa ba su karanta shi. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, 'yar'uwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda kabarinsa ke nan Wurno, ta san matan ƙauye ba za su iya zuwa su karanta littattafanta ba. Sai ta naɗa jajoji, su zo su koya, su koma su karantar da 'yan'uwansu da baki, cikin harshen da su ke ji. Ta rasu a 1864, amma har yau ana ambaton 'Yan Taru. Ilmin da ya tsaya a takarda bai isa ko ina ba, sai an sami mai ɗauka ta kai shi bakin murhu.

Ko wace cikinku ta zama jajin gidansu. In an sayo abu, ki karanta, ki juya shi zuwa cokali da ludayi yadda Inna za ta gane. Kada ki ce mata giram 50, ki ɗebo sukari cokali 12 ki zuba a faranti ta gani, gani ya kori ji. Amma da ladabi fa, ba da ɗaga hanci ba, kada a ce boko ya sa kin rena tukunyar uwarki.

Haka kishiyar Gwaggo ta yi. Da na koma Wurno makon jiya na iske ta ƙirga dunƙulen da a ke jefawa a tukunyar dare, guda 6, ta lallaɓi uwarta aka mai da su 4, aka ƙara daddawa, ba wanda ya ce uffan. Gwaggo da kanta ta ce mini, "Ɗiyata, abin da allon Makka ya kasa, ga shi 'yar ƙwailar nan ta yi." Na ce mata duk da haka kada ta bar shan maganinta, ta kuma riƙa zuwa asibiti ana auna jinin, don rage gishiri taimako ne, ba ya tsayawa a madadin likita.

To, 'yan'uwa, ga aikin wannan mako. Ko wace ta ƙirga dunƙulen da ta ke sawa a yini, da yawan mutanen da ke cin tukunyar, ta rubuto mini. Masu sana'a kuma da suka gwada ragewa, ku gaya mini yadda ciniki ya yi, ko da ya ragu ne ku faɗi gaskiya, mu taru mu nemi dabara. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku kullum,
Yayarku